Balbelun da Suka Faɗa Ruwan Rini

A duk shekarun da na yi ina aikin dabbobi, akwai wata safiya da ta ƙi barin zuciyata har yau, safiyar da ma'aikatan masaƙa suka shigo mana da balbelu a rungume. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, to wannan zan ba ku.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. A lokacin ina aiki a wani fili da ke bayan kamfanonin Challawa, kan 'yar hanyar da masu ƙafa da masu keke ke bi su yanke zuwa Panshekara. Mutane na kiran wurin Gidan Jakuna. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani kamfani ba. Mai wurin wani dattijo ne mutumin Filato, Baba Bitrus, wanda ya yi aikin malamin dabbobi har ya yi ritaya. Ga wanda bai sani ba, malamin dabbobi shi ne na ƙasa da likita. Shi ke yin allura, ya wanke rauni, ya ɗaura karaya, ya shiga rugar da likita ba ya kaiwa. Da ya ajiye aiki sai mai unguwa ya ba shi aron filin, ya kewaye shi da kara da tsohuwar waya, ya sa aka haƙa rijiya, ya kafa rumfuna a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ni ne mataimakinsa, ni kaɗai. Shara, jan ruwa, riƙe dabba in za a yi mata magani, duk aikina ne.

Yawancin baƙinmu jakuna ne. Zamanin ne tifofi suka fara ƙwace ɗiban yashi daga hannun masu jakuna a bakin kogi, sai ya zama jakin da ya tsufa, ko wanda mangala ta ci wa baya, ba mai ta tasa. A sake shi kawai a gefen titi yana cin takarda. Irinsu muke kwasowa. Akwai kuma karnukan da mota ta buge, da wani tsohon doki mai tari, da akuyar da aka yanke wa ƙafa. Abincinsu kuwa sai abin da Allah ya kawo. Wani lokaci a ba mu sharar dusa daga kamfanin fulawa, wani lokaci ba komai. In rani ya yi tsanani nakan tura baro in bi gonaki ina roƙon kara da ragowar harawa. Wuri ne mai shiru. Mutane na wucewa ta bakin ƙofarmu safe da yamma, amma da wuya wani ya leƙo.

Ranar da nake ba ku labari, bazara ta kai maƙura, kududdufai duk sun ƙafe. Jiniyar safe ta busa, masu aikin dare sun tashi, ni kuma ina bakin rijiya ina jan guga. Na ɗaga kai sai na hango mutane tafe a jere kan hanya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirunsu. Ma'aikata in sun tashi aiki da surutu suke tafiya, da ƙararrawar kekuna. Waɗannan kuwa a hankali suke takawa kamar masu ɗauke da ƙwarya cike da nono, kowa ya rungume wani abu a ƙirji. Rana na fitowa ta bayansu, hayaƙin kamfanoni ya kwanta ƙasa-ƙasa, har sai da na murza ido, don na ɗauka barci ne bai gama sakina ba.

Da suka matso na ga tsuntsaye ne. Wani ya sa nasa a hula, wani a kwali, wani ya naɗe nasa cikin rigar aiki. Dogon wuya, dogayen ƙafafu, sai dai ban taɓa ganin tsuntsu mai wannan launi ba. Shuɗi ne mai duhu kamar an tsamo su daga marina, wasu har da shunayya a wuya, ga wani baƙin abu mai danƙo ya manne musu gashi. Sai da ɗaya ya juyo da kai na ga idonsa, sannan na gane balbelu ne, farar balbelar nan da muka saba gani tana bin shanu.

A gaban jerin akwai Mama Rifkatu, wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke sayar da abinci a ƙofar masaƙa. Ta juye tuwonta a wani mazubi ta ɗauko nata a cikin daro. Ita ta ce da mutanen su nufo wurinmu, ita kuma ta yi mana bayani. A bayan masaƙar, wadda ba zan faɗi sunanta ba, akwai wani babban rami da ruwan rini ke taruwa. Bututun baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya fashe, man ya gangara cikin ramin. Balbelu kuwa sun rasa ruwa ko'ina, suka hango sheƙi daga sama, garken gaba ɗaya ya sauka. Ba wadda ta iya tashi. Mutanen da suka kwana a tsaye gaban inji su ne suka naɗe wando suka shiga suka tsamo su.

Baba Bitrus ya fito da tabarau a hannu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Wasu har sun nufi gugana za su fara wanki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kada kowa ya sa musu ruwa tukuna."

Ku riƙe wannan, don zai yi muku amfani. Tsuntsun da ya firgita ya galabaita, in ka wanke shi nan take, a hannunka zai mutu. Sai an fara kwantar masa da hankali. Muka jera su a kwalaye cikin inuwa, muka rufe da buhunan algarara don su sami duhu. Aka goge wa kowacce hanci da baki da tsumma, aka ɗiga mata ruwan sukari da ɗan gishiri da sirinji, sannan aka ɗaure bakin sako-sako da zare, don kada ta yi ta gyaran gashi tana haɗiyar mai. Baba ya gargaɗi kowa ya kawar da fuska, domin balbela ido take nema in ta kai sara.

Na yi zaton mutanen za su ajiye su tafi su kwanta. Ba su tafi ba. Suka zauna a gindin darbejiya, idanu jajur, suna jiran a ce musu ga abin yi.

Kafin azahar rijiyarmu ta koma laka. A nan ne Malam Sale ya shigo labarin. Direban tankar ruwa ne a masaƙar, mutumin wajen Haɗeja, gajere mai faɗin ƙirji da saurin fushi. Shi ya ɗauki Baba a keke ya kai shi ofishin manajan ma'aikata. Malam Sale ya ba ni labari daga baya cewa manajan ya shirya wa rigima, har ya fara bayanin cewa bututun ba laifin kowa ba ne. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman mai laifi ba. Ruwa nake so, da ragar da za a rufe ramin kafin wasu su sauka gobe." Sai manajan ya ce a ba da duka biyun, a ƙara da sabulu.

Wankin ya ɗauke mu kwanaki. Da farko a shafa wa tsuntsu man gyaɗa, a bi gashin da yatsa a hankali har baƙin man ya saki. Sannan a tsoma shi a ruwan ɗumi mai sabulu, mutum ɗaya na riƙe da kai da fukafukai, ɗaya na wanki. A canza ruwa, a sake, a sake, har sai ruwan ya daina kumfa. Mama Rifkatu ta kafa murhu tana dafa ruwa a tukwanenta na abinci. Masu aikin rana su zo da yamma, masu aikin dare su zo da safe. Ruwan wankin ya riƙa malala tsakanin itatuwa, ƙasar filin ta yi shuɗi, hannuwanmu suka yi shuɗi har gwiwar hannu. Jakuna suka taru a bakin shinge suna kallonmu, kunnuwa a miƙe. In na rufe ido yanzu, abin da nake gani ke nan: maza manya a tsugune gaban daro, suna magana ƙasa-ƙasa da tsuntsu kamar masu rarrashin jariri.

Ba duka suka rayu ba. Da yawa sun riga sun haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsu, na binne su a bayan shinge. Waɗanda suka tsira kuwa, man ya fita amma rinin ya zauna daram. Abin da ya fi damun Baba shi ne sodar da ke cikin ruwan rinin ta ci dogayen gashin fukafukansu, in ka taɓa sai ya karye kamar busasshen ganye. Ya ce ba za su tashi ba sai sun zubar da wannan gashin sun fitar da sabo, kuma abu ne na watanni. Muka kewaye darbejiya guda da ragowar ragar da aka ba mu, muka gicciya musu sanduna, muka haƙa ɗan gurbi aka cika da ruwa.

Sai matsalar abinci. Balbela ba ta cin hatsi, sai abu mai rai. A ina za mu sami fara a tsakiyar bazara? Ban san yadda maganar ta zaga ba, amma ta zaga. Masu gadi suka riƙa share ƙwarin da ke faɗuwa a gindin fitilun kamfani, su kawo mana da safe a gwangwani. 'Yan majema suka riƙa kawo tsutsa daga inda ake zubar da kankarar fata. Masunta a bakin kogi suka ware mana ƙananan kifin da ba ya sayuwa. Mama Rifkatu kuwa kullum da ɗan ƙunshinta na kayan cikin kifi, ta yayyanka siriri da kanta, wai mu maza ba mu iya yanka ba.

Daga nan masu kallo suka fara zuwa. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ran Lahadi bayan an tashi coci, sai ka ga iyalai daga Panshekara, har daga Sharaɗa da Dakata. Da la'asar sakaliya, in rana ta yi laushi ta ratso ganyen darbejiya, balbelun kan hau sanduna su tsaya da ƙafa ɗaya, su janye wuya, ba motsi. Shuɗinsu ya riƙa sauyawa da hasken, nan ya yi duhu, can ya yi haske kamar ruwan kogi. Duk mai surutu in ya iso gaban ragar sai ya yi shiru. Na ga wani dattijo ya tsaya har aka kira magariba, da zai tafi ya ce mini shi dai ya tabbata ya taɓa ganinsu a wani wuri, amma ya kasa tuna ko a ido ne ko a mafarki.

Wanda ya zo kallon tsuntsu, dole ya bi ta gaban jakuna. A hankali aka fara tambaya: wannan me ya same shi a baya, wancan don me yake ɗingishi. Wanda ya tambaya yau, gobe sai ka gan shi da ɗaurin harawa a bayan keke. Wani mai walda ya gyara mana ƙofa, wani kafinta ya yi wa dokin kwamin cin abinci. Ɗakin ajiyarmu da bai taɓa cika ba ya cika da dusa har muna rasa wurin sa buhu. Malam Sale ya mai da kansa shugaban masu taimako ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Shi ke tsara wa zai kawo me, shi ke yi wa wanda ya makara faɗa. Jakunan suka yi ƙiba, bayansu ya warke, har tsofaffin cikinsu na birgima a ƙasa.

Da damina ta sauka, gina ta fito, mata suka riƙa kawo ta a ƙwarya. Balbelun suka ci suka murmure. Sai muka fara tsintar shuɗin gashi a ƙasan ragar kowace safiya, a jikinsu kuma fari na ɓullowa, tsilli-tsilli da farko, sannan faci-faci. Suka fara gwada fukafukai, su yi tsalle daga wannan sanda zuwa waccan. Masu kallo suka fara cewa ai tsuntsayen sun soma koɗewa. Da ciyawa ta yi tsawo, fara ta yi yawa, Baba ya ce lokacin sakinsu ya yi.

Malam Sale bai yarda ba. Ya tara mu a gindin bishiya, ni da Baba da Mama Rifkatu da wasu daga cikin masu taimako, ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce a saki mafi yawa, amma a bar kaɗan daga cikin waɗanda shuɗinsu bai gama fita ba, a rage musu fiffike. Wani ma ya ce in sun yi fari a kai su marina a sake tsoma su, aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Hujjar Malam Sale ita ce jakunan. Ya ce shekara da shekaru mutane na wucewa ta ƙofar nan ba wanda ya san akwai mai jin yunwa a ciki, sai da tsuntsayen suka zo. In sun tafi, kowa zai tafi. Baba ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa gaskiya maganar Malam Sale abin dubawa ce, don ni na san nauyin baro a rani, na kuma san yadda haƙarƙarin jaki ke fitowa.

Baba ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. Can ya ce, "Mun wanke su ne don su tashi. In na sa almakashi a fiffikensu, me ya raba ni da ramin can?"

Malam Sale ya ce, "To jakunan fa, Baba? Su wa zai zo kallo?"

"Ban sani ba, Malam Sale," in ji Baba. "Wallahi da na sani da na faɗa maka."

Malam Sale ya miƙe ya kaɗe wando ya tafi, ko sallama bai yi ba. Mama Rifkatu ta ce ita dai za ta yi kewarsu, amma ba za ta iya kallon tsuntsu mai yankakken fiffike ba. Daga ranar tankar ruwa ta daina zuwa, sai dai da yake damina ce rijiya ta kawo.

Ran Asabar da hantsi muka sake su. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi. Mutane sun cika filin har bayan shinge. Na kwance ragar ta gefen da ke kallon kogi, na ja da baya. Ba su tashi ba. Suka fito da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga sawu a hankali cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wasu suka bi jakuna suna cafkar farar da ke tashi daga ƙafafunsu, wata ta ɗare bayan dokin ta zauna kamar dama can wurinta ne. Muka tsaya muna kallo, ba mai tari.

Sai ga garken shanun Fulani ya ɓullo can ƙasa ta bakin kogi, fararen balbelu na binsa, suna tashi suna sauka. Ɗaya daga cikin namu ta miƙa wuya. Ban ga wadda ta fara ba, na dai ji iskar fukafukai a fuskata. Suka tashi gaba ɗaya, fari da shuɗi a cakuɗe, suka zaga saman darbejiya, suka zaga saman bututun hayaƙin masaƙa. Da suka yi sama sai shuɗin jikinsu ya ɓace cikin na sararin, farin kawai ake gani yana yawo gutsure-gutsure, kamar gajimare ne ya yayyage. Suka gangara wajen shanun suka shiga cikin 'yan uwansu. Mama Rifkatu na share ido da gefen zane. Da na waiwaya, can nesa a bakin titi na hango tankar ruwa a tsaye, Malam Sale na zaune a samanta, ya kare ido da tafin hannu.

Abin da ya faɗa kuwa ya tabbata. Juma'ar da ta biyo baya mutane kaɗan suka zo, suka leƙa ragar da ba komai a cikinta, suka juya. Lahadi ma haka. Kafin a gama girbi filin ya koma shirunsa na da. Buhunan dusa suka riƙa raguwa ba a mayarwa. Na lura Baba ya rage cin abinci, yakan kuma daɗe tsaye a ƙofar ɗakin ajiya. Da rani ya kama, rijiya ta fara ja da baya, na fito da baro na zuba wa ƙafarsa mai.

Ina cikin haka na ji ham a bakin ƙofa. Tankar ce, an ɗaure mata buhunan dusa a sama da igiya, Mama Rifkatu na zaune a gaba da daronta a cinya, mai waldar nan da wasu 'yan majema sun maƙale a baya. Malam Sale ya sauko fuska a ɗaure, ya gaida Baba a gajarce, ya ce har yanzu yana nan kan bakansa, kuskure aka yi.

Baba ya ce ya ji.

"Ba don ku na zo ba," in ji Malam Sale. "Jakin can mai farin goshi ne. Duk sanda na zauna cin abinci sai in ga kamar yana kallona."

Ya wuce mu ya nufi rumfar jakuna, ya tsaya yana sosa wa jakin gindin kunne yana yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Daga ranar bai sake yankewa ba. Ba su kai yawan mutanen damina ba, ko kusa. Amma waɗannan kaɗan ɗin su suka riƙe Gidan Jakuna har ƙarfin Baba ya ƙare ya koma gida, kuma ban sake tura baro roƙon kara ba.

To ku da kuke farawa, abin da na ɗauka daga wannan ke nan. A aikinmu, dabbar da ta warke ba taka ba ce, ko da ita ce ke jawo maka jama'a. Ranar da ta daina bukatarka, buɗe mata ƙofa, ko da ba ka san abin da za ka ci gobe ba. Mutane kuma kada ku raina mai zuwa kallo, kada kuma ku dogara da taro. Taro abin mamaki yake bi, in ya ƙare ya watse. Amma a cikin kowane taro akwai 'yan kaɗan da hannunsu ya riga ya taɓa bayan dabba, suka ji ɗuminta. Waɗannan ko sun yi fushi sun tafi, ku bar musu ƙofa a buɗe, za su dawo.